Ba Kullum Jini Ke Hawa Ba



A littattafanmu, da zarar an kai jaruma asibiti mun san abin da likita zai faɗa: jininta ya hau, zuciyarta ta kumbura saboda damuwa. Hawan jini ciwo ne na gaskiya, yana kuma kisa. Amma a ɗakin kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda aka yi wa babbar tiyata, sau da yawa saukar jinin ce ke hana likitoci barci.

Ku ɗauki jikin mutum kamar lambun rani: akwai ruwa, akwai injin ban ruwa, akwai tiyo. Jini shi ne ruwan, kuma babban mutum yana da kimanin lita 5. Zuciya ita ce injin, duk bugu ɗaya tana tura kamar mililita 70. In ta buga sau 70 a minti ɗaya, kusan duk jinin jiki ya zagaya ke nan. Jijiyoyi su ne tiyo. Ta hanya uku shuka kan rasa ruwa: ko ruwan ya ragu, wato zubar jini, ko injin ya gaza, wato zuciya ta raunana, ko tiyon ya saki, kamar yadda jijiyoyi ke buɗewa idan ƙwayoyin cuta sun bazu a jiki. Kowanne da maganinsa. Wani ƙarin jini yake buƙata, wani kuma allurar da ke matse jijiyoyi. Wanda zuciyarsa ta gaza kuwa, in aka cika masa ruwa sai ya taru a huhu ya hana shi numfashi.

Na fara sanin haka ne lokacin da aka yi wa yayata tiyatar haihuwa, jini ya ɓalle mata. Kwana uku na yi ina jinya. Duk awa ɗaya sai nas ta zo ta duba ledar fitsari ta rubuta, ta taɓa tafin hannun yaya, ta kalli na'urar bugun zuciya. Rannan na ce, "Sista, ai an ce awon jininta lafiya, me ake nema a fitsari?" Ta ce, "Ƙanwata, awon jini kan makara wajen kawo labari. Ƙoda ce ke riga shi."

Daga baya na karanta na gane dalili. Idan jini ya fara raguwa, jiki yakan yi dabara: zuciya ta ƙara sauri, jijiyoyin fata da na hanji da na ƙoda su matse, a tattala abin da ya rage saboda ƙwaƙwalwa da ita kanta zuciyar. Shi ya sa matashi mai lafiya zai iya zubar da kusan kashi 30 cikin 100 na jininsa, lita ɗaya da rabi, kafin awo ya nuna sauka sosai. Kafin nan hannu ya yi sanyi, numfashi ya ƙaru, ƙishi ya dame shi, fitsari ya ragu. Mai nauyin kilo 60 ana so ya yi aƙalla mililita 30 a awa. Yaya ta tashi da ikon Allah, bayan leda huɗu ta jini, biyu daga ciki baƙin da ba mu sani ba ne suka bayar.

Me ya kawo wannan zance zauren marubuta? Akwai matan da abin da suka sani game da asibiti a littattafanmu suka karanto shi. Wata rana ɗaya daga cikinsu za ta zauna gefen gadon 'yarta bayan haihuwa. In ta taɓa karanta cewa sanyin hannu, saurin bugun zuciya da sambatu alamun haɗari ne, za ta kira nas da wuri, ba za ta ce gajiyar naƙuda ce ba. In ta karanta labarin jarumin da ya miƙa hannu aka ɗebi leda ɗaya, wajen mililita 450, ya koma harkokinsa lafiya, ba za ta hana ɗanta ba da jini ba.

Don haka kafin mu kwantar da jaruma a gadon asibiti, mu samu nas ko likita mu tambaya. Tambaya rabin ilimi ce, kuma labarin ma zai fi kama jikin mai karatu.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa.