Idan mutum ya yanke jiki ya faɗi

Jama'a, a takardun ta'aziyyar da nake rubutawa da sunan Sarkinmu, wata jimla ta yawaita har ta soma damuna: "Kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa."

Ajali na Allah ne, amma ba kowace tsayawar zuciya ce ajali ba. A shekarar 2012 Fabrice Muamba, haifaffen Kinshasa, ya faɗi a filin ƙwallo a Landan, zuciyarsa ta tsaya minti 78. Tun daga filin aka yi ta danna ƙirjinsa har asibiti. Ya farfaɗo, aka dasa masa na'urar da ke tayar da zuciya. Ƙwallo dai ya bar ta, amma ya koma makaranta ya kammala digiri a 2015.

Mu kuwa a zango, sai a yi cincirindo ana salati ana yayyafa ruwa, alhali ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin 'yan mintuna in jini bai kai mata ba. Idan mutum ba ya amsawa, ba ya numfashi, a kwantar da shi rigingine, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 100 zuwa 120 a minti, wani ya nemo mota. Ina roƙon ma'aikatan jinyarmu su koya wa matasa wannan.

Allah Ya sa mu dace.