Rabon Naƙasasshe a Kakar Jibiya

Ranar Lahadi kasuwar Jibiya ke ci, kuma duk wanda ya san garin ya san ba ta cika ta batse kamar da kaka, sa'ad da gero ya shigo gida, wake da gyaɗa suka biyo bayansa. A waɗannan 'yan watanni aiki yakan yi yawa har ya rasa mai yi: ga masu awo, ga masu ɗinkin buhu, ga 'yan dako, ga kuma malaman da ke rubuta abin da aka loda wa motocin da za su bi ta Magama su tsallaka zuwa Maraɗi. Sai dai akwai wasu bayin Allah da wannan arziki kan wuce ta gabansu, watau guragu da makafi da kurame.

Ina da ɗan'uwa, ɗan ƙanen mahaifiyata, wanda shan inna ya lanƙwashe wa ƙafafu tun yana goye. Ya gama sakandare, ya fi ni lissafi nesa ba kusa ba, hannunsa kuma ga basilla sai wanda ya gani. Kowace kaka yakan tura kekensa rumfa rumfa yana neman a ba shi rubutun buhuna, aikin da a zaune ake yin sa. Wata rana na raka shi wurin wani mai hatsi. Ya gaishe shi ya ce, "Alhaji, aiki na zo nema." Alhaji bai bari ya dire ba, ya sa hannu a aljihu ya miƙa masa kuɗi, ya ce, "Allah ya ba da lafiya, ɗana." Ko awa ɗaya ba a yi ba ya ɗauki wani yaro mai ƙafa biyu wanda sai da aka koya masa yadda ake jan layi a littafi.

Mai karatu, kada ka ɗauki attajirin nan mugu. Abin da ya tashi ya tarar ke nan. Mu Hausawa mun daɗe da shirya wa naƙasassu gurbi, har da sarautunsu, Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, amma gurbin ya fi karkata ga bara. Sadaka tana da lada, kuma da an miƙa ta an rabu. Ɗaukar mutum aiki kuwa yarda ce, sai ka amince zai iya riƙe maka dukiya. Alhali makafin ƙasar nan sun shahara da tufkar igiya, wadda ba a ɗaure kaya sai da ita.

A watan Janairu na 2019 aka sa hannu a kan dokar hana wariya ga naƙasassu, wadda ta ce hukumomin gwamnati su ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. Madalla. To amma guraben gwamnati nawa ne a Jibiya in aka gwada da rumfunan kasuwa? A rumfa ba a cika takarda, dillali ne ke nuna mutum da baki, shi ke nan an ɗauka.

Rufe iyaka ya ƙara dagula al'amarin. An rufe ta a Agustan 2019, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023. Duk lokacin da motoci suka tsaya, majiya ƙarfi kan koma ƙananan ayyukan zaune da a dā suke rainawa, naƙasasshe kuwa shi ake fara turewa. Ɗan'uwan nawa, a kakar bara, ɗinkin buhu ya samu na kasuwa uku kacal, shi ma don mai ɗinkin rumfar ya tafi biki ƙauye.