GURE: INA BAƘON AIKI ZAI SAUKE KAYANSA?

Kowace shekara, idan damina ta fara ja da baya, kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba, takardun canjin wurin aiki, waɗanda ma'aikata suka fi sani da afektasiyo, su kan fito daga Yamai da Damagaram. Cikin sunayen garuruwan da kan sa ma'aikaci ya yi shiru, ya sake duba takardarsa, har da Gure. Wani ya ce horo ne aka yi masa, wani ya shiga neman wanda ya sani a ofishin minista ko a soke. Wanda ya haƙura ya ɗaure kaya kuwa, sai ya tarar takarda ta faɗa masa wurin aiki kawai. Ba ta faɗa masa inda zai kwana ba, da ruwan da zai sha, da inda zai ajiye iyalinsa. Wannan zaɓi nasa ne, kuma a nan ne da yawa su ke yin asarar da ta fi ta canjin kansa. Ɗan kasuwar da ya nufi wannan ƙasa domin kanwa ko dabbobi shi ma tambayar da ke gabansa ke nan, sai dai shi babu wanda ya tura shi.

Daga tashar Damagaram zuwa Gure tafiyar kilomita 160 ce, ko da ɗan abin da ya ɗara, bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba ɗaya. Mota ta kan ratsa Mirya, ta sauka Gidimuni mai rake da lambuna, ta wuce Gidigir. Daga nan ƙasa ke canza kama: gonakin hatsi su na raguwa, tuddan rairayi su na ƙaruwa, kawunan goriba su na leƙowa daga cikin kwaruruwa, har baƙaƙen duwatsun Muniyo su bayyana. A gindinsu garin ya ke. Daga Gure kwalta ta miƙe gabas zuwa Gudumariya, Maine-Sorowa, Difa da Ngigmi. Wannan sashe shi ne aka yi wa suna Hanyar Haɗin Kai, wadda aka shimfiɗa da taimakon ƙasar Kanada a shekarun 1970.

Garin ba na jiya ba ne. Shi ne fadar sarakunan Muniyo, waɗanda suka yi zamani su na kai gaisuwa Barno, kafin Damagaram ta yi ƙarfi a zamanin Sarki Tanimu. A watan Disamba na 1852 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdul Karim, ya yada zango a Gure a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, lokacin Muniyoma Koso na bisa gado. A ƙidayar 2012 mutanen garin sun kai wajen 18,000, na gundumar baki ɗaya kuwa sun haura 300,000, a ƙananan hukumomi shida: Gure, Gidigir, Bune, Kelle, Gamu da Alakos. Tesker, wadda da can ke ƙarƙashin Gure, ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011.

Ƙasa uku cikin gunduma ɗaya

Kuskuren farko da baƙo kan yi shi ne ya ɗauka ƙasar Gure duk ɗaya ce. Alhali kuwa uku ce, kowace da irin zamanta.

Ta farko ita ce ta kudu da gabas, ƙasar kwaruruwa. Kwari wani rami ne mai faɗi tsakanin tuddan rairayi, wanda ruwan ƙasa ke kusa da samansa. Mutum na tafe cikin fari fat, sai ya hau tudu ya hango kore shar a ƙarƙashinsa. Daga baki goriba ce ta yi zobe, daga ciki dabino da lambuna na rogo, dankali, rake, albasa, masara, wani wuri har da ayaba da lemo, a can tsakiya kuma farar kanwa ta kwanta. Dabinon wannan yanki na da wata baiwa da na Hamada ba shi da ita: ya kan yi 'ya'ya sau biyu a shekara. Daga nan ne kanwa da mangul suka daɗe su na bin raƙuma da jakuna zuwa Kano da Barno, kuma tun da jirgin ƙasa ya iso Nguru a 1930, fataucin wannan kusurwa ya ƙara karkata zuwa kudu. Shi ya sa kasuwanninta suka saba da naira kamar yadda suka saba da sefa.

Ta biyu ita ce ta duwatsu, wato Muniyo da kuma Kutus, inda Kelle ta ke. Nan ƙasar hatsi ce da wake da kiwon bisashe, sai dai ruwan sama bai cika wuce milimita 300 da 'yan kai a shekara ba, kuma inda dutse ya shimfiɗu a ƙarƙashin ƙasa, a kan gina rijiya a sha wuya kafin a ga ruwa.

Ta uku ita ce ta arewa, ƙasar makiyaya, wadda ta miƙe har Tesker da duwatsun Termit, inda aka keɓe babban gandun namun daji a 2012. A can gari shi ne rijiya. Tubawa, Larabawa, Fulani da Abzinawa su kan taru inda ruwa ya ke, su watse idan ciyawa ta kira su wani wuri. Malamin makaranta ko malamin dabbobi da aka tura can, dole ya koyi lissafin shekara da tafiyar garke.

Tambayoyi huɗu kafin a sauke kaya

Matambayi ba ya ɓata, in ji Hausawa. Waɗanda suka daɗe a wannan ƙasa sun san cewa tambayar farko ita ce ta ruwa. Ba a tsayawa ga jin cewa akwai rijiya ko foraji. Sai an ɗanɗana, domin a bakin kwari wata rijiyar ruwanta na da kanwa, cikin baƙo kuma ba ya karɓarsa da wuri. Sai an tambayi yadda rijiyar ta ke a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya kai matuƙa, mutane da dabbobi su na layi a kanta. Idan famfo ne, a tambayi wanda ke gyara shi in ya lalace, da tsawon kwanakin da ya yi a tsaye a bara. Wanda ya zo a kaka, ya ga tabkuna cike, ya yanke shawara a kan haka, bazara za ta ba shi labari.

Ta biyu ita ce ta hanya. A ƙasar rairayi ba a auna nisa da kilomita, da ranakun mota a ke auna shi. Ƙauye na iya zama kusa da kwalta a kan taswira, amma motar da ke iya keta rairayi ba ta shigarsa sai ranar kasuwa. Sauran ranaku sai kabu-kabu mai tsada, ko amalanke, ko raƙumi. Magidanci mai mace da ciki ko ƙananan yara, ya wajaba ya san tazarar da ke tsakaninsa da gidan likita mafi kusa, da wanda zai ɗauke shi in dare ya yi. Zaman bakin kwari na da daɗi, amma da damina sauro na da yawa, masassara kuma ba ta jiran ranar kasuwa. Mutanen ƙasar da kansu a kan tudu su ke gina gidajensu, su sauka kwari domin aiki. Baƙo ya yi koyi da su.

Ta uku ita ce ta kasuwa. Albashi ba ya amfani inda babu abin saye, haja kuma ba ta amfani inda babu mai saye. Gidigir, Subdu da Bultum sanannun kasuwanni ne na dabbobi, kuma ƙauyen da ke iya kai wa ɗayansu a yini guda ya koma, ya fi wanda ke da gine-gine amma babu ciniki. Ɗan kasuwa ya lura da abin da ke fita, wato kanwa, dabino, tabarmi da igiyoyin kaba, fata da bisashe, da kuma abin da ke shigowa, wato hatsi a shekarar da damina ta gaza, shayi, sukari, tufafi da man mota. Farin 1973 da na 1984 da ƙarancin abinci na 2005 sun koya wa mutanen nan cewa mai rumbu shi ne mai arziki. Ma'aikacin da ya sayi hatsinsa na shekara a kaka ya huta da tsadar bazara.

Ta huɗu ita ce ta mutane. Hausa na ci a kasuwa da tasha, amma ƙasar Mangawa da Dagirawa ce, harshen gida Barbarci ne. Yaron da ya shiga aji na farko sau da yawa ba ya jin Hausa, balle Faransanci. Tsohuwar da ta zo gidan likita da harshenta za ta faɗi ciwonta. Mushen da ya koyi cewa "wushe", ya iya tambayar lafiyar gida da ta dabbobi, ya buɗe ƙofar da takardar gwamnati ba ta buɗewa. Kafin ya nemi ɗaki, ya fara kai gaisuwa wurin bulama, wato mai gari, da liman, domin a ƙauye ba a cika samun gidan haya ba, masauki a ke bayarwa, kuma darajar baƙo daga ta mai masaukinsa ta ke farawa.

Rairayi da gona

Akwai wani maƙwabci da ba ya gaisuwa, shi ne rairayi. Tun bayan manyan fari, tuddan da ciyawa da itatuwa suka riƙe da can sun kwance, iskar hunturu na tura su kan kwaruruwa, gonaki, rijiyoyi, har da kwalta. Ma'aikatan gandun daji da ƙungiyoyi irin su Karkara sun yi shekaru su na aikin tsayar da tuddai tare da mutanen ƙauyuka: a kafa shingaye na kalimbo ko ƙirar goriba, a dasa itatuwa a tsakani, a hana dabbobi shiga har su kama. Mai neman wurin zama ya dubi gabas da arewacin ƙauye. Idan tudun da ke can tsirara ya ke, babu shinge babu tsiro, to ya san abin da zai share kowace safiya. Idan kuwa ya ga shingaye a jere, ya samu shaidar cewa mutanen garin na da haɗin kai, wannan kuwa ya fi kowane gini daraja.

Da yawa daga ma'aikata su kan yi sha'awar ɗan lambu a kwari, kuma sha'awa ce mai kyau. Waɗanda suka ga shekarun 1990, lokacin da albashi ke yin watanni bai fito ba, aka kuma karya darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, ba su manta cewa mai ɗan rogo da 'yan awaki ya fi mai jiran ƙarshen wata kwanciyar hankali ba. Amma ƙasar kwari gadon iyalai ce, kowane dabino da mai shi. Baƙo aro a ke ba shi, kuma dasa itace a gonar aro na iya jawo rigima. Dokar tsarin karkara ta 1993 ta tanadi kwamitocin kula da filaye waɗanda ke ba da takardar shaida ta aro, jingina ko saye. Wanda ya karɓi fili da baki kawai, ya bar wa kansa shari'a.

Tukunya biyu, albashi ɗaya

Saura babbar magana. Ma'aikata da dama su kan zaɓi su bar iyali a Damagaram ko a cikin garin Gure, inda a ke da lantarki, asibiti da makarantun sakandare, su kuma su riƙa kai da komowa. Wani lokaci hakan dole ne, musamman ga mai 'ya'ya manya ko mai jinya, kuma babu mai ganin laifinsa. Amma a yi lissafi da gaskiya. Tukunya biyu ce a kan albashi ɗaya, ga kuɗin mota, ga kwanakin da hanya ke ci. Wanda ya tafi ranar Alhamis, ya jira motar kasuwa kafin ya dawo, ajinsa ya yi rabin mako a rufe. Iyayen da da ma su ke shakkar makarantar boko, sai su mai da yaro bayan garke, yarinya kuma a yi mata aure. Gidan likitan da a ke zuwa a tarar da kwaɗo, mutane su kan daina zuwa ko da an buɗe shi. Jikkokin ma'aikaci sun ƙare a hanya, amanar jama'a kuma ta tafi tare da su.

Wanda ya zauna inda aikinsa ya ke kuwa, ya halarci suna da jana'iza, ya sha shayi a ƙofar bulama, shi ne a ke kawo wa nono da safe da dabino a lokacinsa, shi ne kuma a ke tashi da dare a nema wa amalanke in ɗansa ya kwanta. An ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. A ƙasar Gure wannan farin kai ba abin kunya ba ne, alama ce ta cewa mutum ya zauna da mutane.

Saboda haka duk wanda takarda ta nuna masa wannan hanya, ya fara zuwa shi kaɗai, ya kwana biyu ko uku, ya sha ruwan rijiyar, ya ga ranar kasuwa, ya ji ta bakin wanda ya gada, sa'an nan ya koma ya ɗauko iyali. Allah ya sa a sauka lafiya, a kuma tashi da alheri.