Terabait huɗu, da megabait tara da suka hana ni barci

A ƙarƙashin teburina akwai wata 'yar na'ura wadda girmanta bai wuce na burodin gida ba. Na saye ta hannu na biyu, na zuba mata faifai biyu masu terabait biyu kowanne, na kuma ɗora mata tsarin Debian. A cikinta nake ajiye hirarrakin da na naɗa tun ina sabon ɗan rahoto, har da muryoyin dattawan da yanzu sai dai a yi musu addu'a.

Wata ranar Asabar na ce bari in ɗaukaka tsarin. Aiki na tafiya lami lafiya, sai can wajen ƙarshe saƙo ya fito cewa kayan tayar da na'ura sun yi girma, ba za su shiga ba. Na yi mamaki, domin fiye da rabin faifan fanko ne.

Sai daga baya na fahimci cewa ba daga faifai irin waɗannan na'urori suke tashi ba. Akwai wata 'yar ma'ajiya manne a jikin allonsu, tawa megabait 16 ce kacal, an kuma yanka ta gida-gida tun daga masana'anta. Megabait 2 na kanel ne, wato ƙwayar tsarin. Megabait 9 kuma na abin da masana ke kira initrd, wanda ni na fi gane shi a matsayin jakar guzuri: direbobi da kayan aikin da kanel ke buƙata kafin ya iya buɗe babban faifai. Kowace sabuwar fitowa kanel da guzurinsa ƙaruwa suke yi, ɗakunan kuwa suna nan yadda aka gina su shekaru da dama da suka wuce.

Sa'ar da na ci ita ce manhajar da ke rubuta wa ma'ajiyar tana auna girma kafin ta taɓa komai, don haka tsohon kanel yana nan. Kuskuren da na kusa yi shi ne share tsofaffin fayilolinsa wai don in samar da wuri, abin da zai bar shi ba direbobi a tashi na gaba. Ƙaiƙayi ne ya kusa komawa kan masheƙiya.

Maganin jakar guzuri mai sauƙi ne. A tsarin asali ana cusa mata direbobin na'urori iri-iri, har da waɗanda tawa ba ta taɓa gani ba. Na sauya layi ɗaya daga MODULES=most zuwa MODULES=dep, wanda ke nufin a ɗauki abin da wannan na'urar kaɗai ke buƙata. Na kuma zaɓi matsi na xz, mai ɗaukar lokaci amma mai ƙanƙantar da kaya sosai. Da aka sake ɗaure jakar, ta shiga har da rara.

Kanel ne ya fi wuya. Tun daga Debian 11 na shekarar 2021 ya zarce megabait 2, kuma babu layin da zai rage shi. Sai dai a sake yanka ma'ajiyar: kanel ya samu megabait 3, guzuri 12, ta hanyar haɗe wasu ɗakunan da ba a amfani da su. Wannan ya shafi saitin manhajar farko da ke tayar da na'urar, kuma idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar rubutu, sai an buɗe cikinta an jona waya kafin ta farfaɗo. Wanda ya san halin wutarmu ya san wannan ba tsoro ne na banza ba.

Na kwafe ma'ajiyar gaba ɗaya, na kwashe hirarrakin zuwa wani faifai na dabam, abin da ya kamata in yi tun shekarun baya, sannan na jona na'urar da inbata. Bayan na kashe na kunna, sai da na yi kusan minti biyu ina kallon 'yar fitilar gabanta kafin ta yi ƙarar da na saba ji.