Yawon Safiya a Birnin Kano: Kowace Shara da Mai Ita

Yau ina so ku yafa mayafi mu zaga cikin birnin Kano, mu ga inda sharar gidajenmu take ƙarewa.

Mu fara daga Ƙofar Mata, inda marina take, wadda aka ce tana nan tun 1498. Ku dubi abin da marini yake zubawa a cikin karofi: ruwa, da baba, da toka. Tokar nan irin wadda muke kwashewa daga murhu ce. In rinin ya mutu kuma, ba a zubar da dagwalon da ya kwanta a ƙasa. Busar da shi ake yi, a ƙona, ya zama katsi, a sake aiki da shi.

Daga nan sai mu kutsa lunguna mu nufi Kasuwar Kurmi, wadda Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa. A hanya za mu ji yaro yana tura baro yana kiran gwangwan. Kada ku raina shi. Gwangwanin lemo narkar da shi ake yi a zuba tukunya da ludayi. Tsohon ƙarfe yana tafiya wurin masu awo da sikeli, irin na Ƙofar Ruwa. Fasasshen bokiti da tsinkakken silifa ana kai su masana'antu, a niƙa, a narke, su komo sabuwar roba. Tsohuwar taya ma takalmi ce da guga.

To, mu gangara Jakara. A nan ne zuciya take ɓaci, domin leda ce ko'ina, baƙa da fara. Ita ce ke toshe kwata. Da damina ta sauka sai ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a gindin katangar ƙasa har ta zube, wani lokaci a kan masu barci. Wanda ya tsaya kuwa ya zama gidan sauro. Akuya ma in ta haɗiye leda, sai ta yi ta ramewa har ta mutu.

Kakanninmu ba haka suka bar garin ba. A da, manoman karkara sukan shigo da itace a kan jakuna, su koma da mangala cike da taki daga jujin birni, watau toka, da kashin awaki, da sharar tsakar gida. Wani Bature masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi bincike a kan ƙauyukan kewayen Kano a shekarun 1960, ya nuna takin nan yana cikin abin da ya sa ake noma gonakinsu kowace shekara ba hutu. Ashe birni yana ci daga gona, gona kuma tana ci daga birni. Yanzu fa manomi ya kan sami takin cakuɗe da leda da fasasshiyar kwalba. Sai ya tsince da hannu, ya yanke, abin da ya tsere masa kuma ya binnu a gona shekara da shekaru bai ruɓe ba.

Laifin ba na juji ba ne. Daga tsakar gida ake cakuɗawa, tsintsiya kuwa a hannunmu take. Saboda haka ga shawarata, ba ta cin ko kwabo. Ki raba shararki kashi huɗu.

Na ɗaya, abin dabbobi: dusa, ɓawon doya, ganyen da kika tsince, da ƙanzo. Na biyu, abin gona: toka bayan ta huce, da kashin dabbobi, da ƙurar da kika share. Na uku, abin sayarwa: gwangwani, roba, ƙarfe, kwalba. Ki ɗauraye su, ki shanya, ki tara a buhu, domin mai saye ya fi son busasshe mai tsabta. Na huɗu, abin da ba mai so, kamar ƙunzugun yara na zamani da ledar da ta ɓaci. Shi kaɗai za ki ƙulle a kai wurin da motar shara take kwasa. Reza, da allura, da fasasshen gilashi, ki sa su a gwangwani ki rufe, saboda hannun yaran da ke tonon bola. Kada ki ƙona leda a tsakar gida, hayaƙinta yana cutar da ƙirji.

Na gwada wannan da 'yan ajina mata. Muka jera buhu huɗu a bayan aji, kafin mako ya zagayo kowace ta san inda abu yake shiga. Abin da yarinya 'yar shekara 9 ta iya, ai ba zai gagari uwar gida ba.

Kada mu jira sai Asabar ɗin ƙarshen wata, ranar tsabtace gari. Gobe da safe in kin ɗauki tsintsiya, ki tambayi kanki: wannan na akuya ne, ko na manomi, ko na mai gwangwan? Allah ya ba mu ikon gyarawa, amin. Sai mako mai zuwa.