Zuwa Mansura, Bin Sawun Tsargiya

Daga tashar Abud da ke arewacin Alƙahira zuwa Mansura tafiyar kilomita wajen 120 ce. Ɗan yayata, wanda ke karatun likita a can, shi ya zo ya tarye ni, muka shiga ƙaramar motar haya irin wadda ba ta tashi sai ta cika maƙil. Muna wuce Banha gine-gine suka fara ja da baya, gonaki suka mamaye ko'ina, kore shar, ga ɓakanen noma suna kiwo a bakin hanya. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne magudanan ban ruwa. Kowane ƙauye da nasa, an tsago shi daga Kogin Nilu, ya ratsa ta bayan gidaje. Wajen Mit Gamar na hangi yara maza tsirara suna tsalle daga kan wata 'yar gada suna faɗawa ciki, wata mata kuma a gefe tana wanke tukwane.

"Kawu, dubi ruwan nan da kyau," in ji yaron. "Labarin asibitin da za mu je daga cikinsa ya faro."

Ban buƙaci dogon bayani ba. Duk wanda ya tashi kusa da kududdufi, ko ya san gonakin rani na Kadawa da Kura, ya san tsargiya. Muna yara, idan ɗaya daga cikinmu ya ga jini a ƙarshen fitsarinsa ba a ɗaga hankali, wasu manya ma cewa suke alamar girma ce. Ba wanda ya taɓa gaya mana cewa wannan ɗigon jinin yana iya dawowa bayan shekara talatin a matsayin ciwon dajin mafitsara.

Masarawa sun riga kowa sanin haka. A asibitin Ƙasrul Aini na Alƙahira wani likita Bajamushe, Theodor Bilharz, ya fara ganin tsutsar da ke kawo tsargiya a 1851. A 1910 Armand Ruffer ya tarar da ƙwanta a ƙodar gawawwakin zamanin Fir'auna, a 1911 kuma Ferguson, wani malamin likitanci a Alƙahira, ya rubuta cewa akwai alaƙa tsakaninta da dajin mafitsara. Sai a 1994 hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin jerin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa shi.

Mun isa Mansura bayan azahar. Garin yana kwance a gaɓar reshen Nilu da ke gangarawa Dimyaɗ, Talka na kallonsa daga tsallake. Baƙi kan fara da gidan Ibn Luƙman, inda aka tsare sarkin Faransa Luwis na Tara a 1250. Mun leƙa, ɗan ƙaramin wuri ne, ba mu daɗe ba. Abin da ya kawo ni yana Titin Jamhuriyya: Cibiyar Cututtukan Ƙoda da Mafitsara, wadda Farfesa Muhammad Gunaim ya kafa, aka buɗe ta a 1983.

An haifi Gunaim a 1939, ya gama karatun likita a Jami'ar Alƙahira a 1960, ya ƙaro ilimi a Ingila da Amurka da Kanada. Mutum irinsa, a wancan lokaci, hanyarsa a buɗe take: ko ya zauna a Turai, ko ya buɗe asibitin kansa a Alƙahira ya tara dukiya. Sai ya tare a Mansura, garin manoma. A nan shi da abokan aikinsa suka yi dashen ƙoda na farko a Masar a 1976, tun kafin a gina cibiyar. Da wannan aka fi saninsa a jaridu. Ni kuwa a ganina aikinsa kan dajin mafitsara ya fi nuna irin mutumin da yake.

A bakin ƙofar cibiyar mutane ne zaune bisa dakali, yawancinsu dattawan ƙauye cikin jallabiya, kowa rungume da jakar leda cike da takardun gwaji. Wani tsoho kusa da ni ya zaro hoton cikinsa ya ɗaga shi sama wajen hasken rana, yana nuna wa ɗansa wani tabo da yatsa, alhali da gani ba karatu ya iya ba. Ya sha zuwa har ya haddace inda ciwon yake. Mai shayi na zagayawa da ƙananan kofunan gilashi. Ta cikin shinge ana hango lambu, an share shi tas.

Da yamma yaron ya kai ni ɗakin gwajinsu na ɗalibai, ya sa mini wani gilashi a ƙarƙashin madubin likita. Ƙwan tsargiya ne, dogo kamar ƙwallon dabino, da 'yar ƙaya guda a ƙarshensa. Ya yi mini bayanin zagayen. Mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe, abin da ya fito ya shiga jikin ƙaramar katantanwa ya hayayyafa, sannan ya fito ya huda fatar duk wanda ya tsoma ƙafa. Tsutsar ta girma a jijiyoyin jini, ta sauka kusa da mafitsara, macen ta riƙa zuba ɗaruruwan ƙwai kullum. Wasu su fita da fitsari, su ne ke kawo jinin. Sauran su maƙale a bangon mafitsara, jiki ya yi ta yaƙi da su shekara da shekaru, wurin ya yi ta kumburi yana warkewa yana sake kumbura, har ƙwayoyin halittar wurin su sauya kama.

Shi ya sa dajin da Gunaim ya tarar a Mansura ya sha bamban da wanda littattafan Turai suka koya masa. A can ciwon tsofaffi ne, 'yan sittin da saba'in, taba sigari ce babbar sila. A nan kuwa manoma ne 'yan arba'in da hamsin, masu ƙananan yara, kuma ba sa zuwa asibiti sai bakin alƙalami ya kusa bushewa, tunda jini a fitsari ba baƙon abu ba ne a wurinsu. Irin wannan daji ba ya jin gashin haske ko allurai yadda ake so. Abin da ya rage shi ne a cire mafitsarar ɗungurungum.

Cirewa kam an yi ta a wurare da yawa. Abin da ya bambanta Mansura shi ne ajiye lissafi. Kowane majiyyaci an rubuta girman ƙarinsa, da zurfin da ya ci, da ko ya kai ga kaluluwa, sannan aka ci gaba da bibiyarsa bayan ya koma ƙauye. A 1997 Gunaim da abokansa suka wallafa sakamakon mutum 1,026, a 2008 suka fitar da na mutum 2,720. Kusan rabinsu sun haura shekara biyar bayan tiyata, kuma alƙaluman sun nuna cewa zurfin ƙarin da isarsa kaluluwa su ne ke yanke hukunci. Ba aiki ne mai armashi ba. Neman manomin da aka yi wa aiki shekara goma baya, a garin da ba lambar gida, ya fi riƙe wuƙar tiyata cin rai.

Sai kuma tambayar da ke biyo baya: ina fitsari zai bi? Hanyar da aka saba ita ce a huda ciki a manna jaka. Ga talakan da zai shiga gona, ya yi alwala sau biyar, kuma kuɗin sayen jakar ma aiki ne, wannan wata sabuwar jinya ce. Gunaim da almajirinsa Hassan Abul Enain suka inganta dabarar ɗinka sabuwar mafitsara daga ƙaramin hanji. Ana yanko kimanin santimita 40, a naɗe shi a yi masa siffar W, a binne bututun da ke saukowa daga ƙoda cikin ninkin hanjin yadda fitsari ba zai koma sama ya lalata ƙodar ba. Sun bayyana ta a 1994, likitoci a wasu ƙasashe suka ɗauka.

Yau lamarin ya sauya a Masar. Tun da aka shiga raba ƙwayar praziquantel a makarantu da ƙauyuka daga shekarun 1980, tsargiya ta ja baya ƙwarai. A alƙaluman cibiyar ciwon daji ta ƙasa da ke Alƙahira, irin dajin da ake dangantawa da ita ya kai kashi uku cikin huɗu na dajin mafitsara wajen 1980, amma zuwa 2005 ya faɗo ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Irin na masu shan taba ya maye gurbinsa, kuma wanda ya zauna a gidan shayin Mansura da dare, cikin hayaƙin shisha, ba zai yi mamaki ba. Gunaim kansa ya karkata ga binciken ciwon sukari a shekarunsa na baya-bayan nan.

A gidan shayin na tambayi yaron ko idan ya gama zai koma gida.

"Zan koma, Kawu," ya ce. "Abin da malamanmu ke ba mu labarinsa a matsayin tarihi, likitocin Kano da Zariya da Sakkwato har gobe suna ganinsa a kan gadon tiyata."

Ya ce yana da jarrabawa da safe, don haka ni kaɗai na nemi motar komawa Alƙahira.