Yaron da Yake Manna Littafi a Hanci

Shekara ashirin ke nan ina koyarwa a Sabon Gari, zabiya da dama kuwa sun bi ta ajina. Waɗansunsu ba su kai aji shida ba, ba kuwa don rashin ƙwaƙwalwa ba. Allo ne ba sa gani. Za ka ga yaro ya manna littafi a hanci, idanunsa suna rawa, kansa a karkace. A gida a ce masa daƙiƙi, a makaranta a ce taurin kai. Daga baya uban ya gaji, ya cire shi.

To, ga abin da yake faruwa. A can bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske. A tsakiyarsa akwai ɗan gurbi, faɗinsa kamar milimita 1.5. Da wannan gurbi muke karanta ƙananan baƙaƙe, da shi uwa take zura zare a allura. Yakan fara samuwa tun yaro yana ciki, ya ci gaba da ginuwa shekaru bayan haihuwa. A idon zabiya ginin ba ya kammala. Har wa yau akwai yara baƙaƙe wuluk masu wannan matsala, gama wani zabiyancin a ido kaɗai yake tsayawa, yawanci ga 'ya'ya maza. Su ne suka fi ba ni tausayi, domin ba wanda yake zaton kome.

Alamar farko ita ce rawar ido, takan bayyana kafin jariri ya cika wata 6. Wata uwa daga Fagge ta gaya mini kakar yaron ta ce iskoki ne, aka yi shekara biyu ana hayaƙi. Ga shi kuwa asibitin ido na ECWA, wanda mishan na SIM ya kafa a 1943, yana nan kusa da su.

Likita yakan ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, ya haska ciki da fitila, ya duba ko gurbin yana nan. Yanzu kuma akwai na'urar da ake kira OCT, mai ɗaukar hoton tantanin daki daki da haske kawai, ba allura, ba zafi. A 2011 likitocin Leicester a Ingila suka kasa matsalar mataki 4 bisa ga wannan hoto. A mataki na 1 akwai ɗan gurbi, yaro yana gani da dama. A na 4 babu gurbi sam. Da haka likita zai iya gaya wa iyaye iyakar abin da za su sa rai.

Ba magani ko aiki da zai gina gurbin, kada wani ya ci kuɗinku. Amma abin ba ya ƙaruwa da girma. Tabarau yakan taimaka ƙwarai, gama yawancinsu suna da wata matsalar gani a kan wannan.

A ajina irin wannan yaro yana zama a layin gaba, nesa da hasken taga. Nakan rubuta masa da manyan baƙaƙe, in kuma karanta da ƙarfi abin da nake sa wa a allo. Iyaye, ku bar shi ya manna littafinsa, ba zai ɓata masa ido ba. Kada kuma ku miƙe masa kai sa'ad da ya karkatar da shi, gama a nan ne rawar idon take lafawa. Ranar da za ku kai shi asibiti, ku tafi da littafin da yake karantawa a makaranta, likita ya ga girman rubutun.